Shin mutum zai iya sayen tsohuwar motar 'yan sanda ya gyara ya hau?

Idan motar 'yan sanda ta gama aiki aka yi gwanjonta, shin wanda ya saya yana da ikon mayar da ita yadda take a da, da fentinta da fitilarta da jiniyarta, ya hau titi da ita? Tambayar ke nan da ta raba kan samari a majalisun Bauchi da shafukan Facebook, tun da hotunan bidiyo suka fara yawo na wasu Amurkawa da Turawan Ingila suna baje kolin tsofaffin motocin sintiri, an wanke su tas, sai ƙyalli suke yi. Wasu suka ce ƙarya ce, babu ƙasar da za ta bar farar hula ya ajiye motar hukuma a gidansa. Wasu suka ce 'yanci ne ya yi wa mutanen can yawa. Yaran gareji kuwa tuni suka fara lissafin abin da za a kashe a yi irinta a nan.

Kowane ɓangare ya kama wani abu ya saki wani. Mallakar motar daban, mayar mata da kamanninta na da daban. Fita da ita kan titi cikin wannan kamanni kuwa wata magana ce ta uku, kuma a nan ne hukuma take kafa ƙafa, ko a can ko a nan.

Wace mota ake nufi?

Masu tara irin waɗannan motoci suna raba su gida biyu. Akwai ta gaske, wadda ta yi aiki a wata runduna, lambar shasinta ta dace da abin da ke rubuce a rajistar rundunar, kuma akwai takardar da ta nuna ranar da aka sallame ta. Akwai kuma ta kwaikwayo, wato motar gida ce aka yi mata fenti aka ɗora mata fitila. A ido ba ka bambanta su. A kasuwa kuwa ko hanya ba su haɗa ba, domin abin da mai saye yake biya tarihi ne, tarihi kuma a takarda yake.

Sannan ba kowace tsohuwar mota ce ta tarihi ba. A Jamus sai mota ta cika shekara 30 kuma tana nan da kamanninta na asali ake ba ta lamba ta musamman mai ƙarewa da harafin H. A Ingila wadda ta kai shekara 40 ana iya ɗauke mata harajin hanya da gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Don haka Hilux ɗin da ta yi shekara bakwai tana sintiri tsakanin Bauchi da Ningi ba kayan tarihi ba ce. Gajiyayyiyar mota ce kawai.

Abin da ya ja hankalin mutanen can

Motar 'yan sanda ta farko da aka sani an fito da ita ne a garin Akron na jihar Ohio a Amurka a 1899, kuma da lantarki take tafiya. Shekara guda bayan nan masu tarzoma suka ƙwace ta suka jefa ta cikin ruwa. Tun daga ranar farko ke nan motar hukuma take ɗauke da abu biyu, sha'awa da haushi.

Daga baya kowace ƙasa ta samu tata. 'Yan sandan manyan hanyoyin Holan sun yi amfani da Porsche tun farkon shekarun 1960 har zuwa 1996. 'Yan sandan birnin Rum sun samu Ferrari a 1962. A Ingila ƙananan motoci irin su Morris Minor ne suka yi sintirin unguwanni, Rover da Jaguar suna bin manyan hanyoyi. Amma wadda aka fi gani a bidiyoyin nan ita ce Ford Crown Victoria, doguwa mai faɗi, mai inji silinda takwas lita 4.6, wadda ta mamaye rundunonin Amurka tun daga shekarun 1990, musamman bayan da Chevrolet ta daina ƙera Caprice a 1996. An rufe ƙera ta a watan Satumba na 2011, a wata masana'anta da ke Ontario a Kanada. Da aka daina, sai waɗanda suka rage suka fara daraja, kamar yadda komai yake yi idan ya ƙare a kasuwa.

Abin da ya sa ta yi farin jini a wurin masu gyara ya fi kama da abin da ya sa kanikawanmu suke son Fijo. Bodinta a kan shasi yake zaune, ba haɗe suke ba, don haka ko ta yi karo ana iya miƙar da shasin a ɗora wani bodin. Kayan gyaranta ko'ina akwai. Kuma wadda aka ƙera don 'yan sanda, mai alamar P71 a cikin lambar shasinta, ta bambanta da ta gida tun daga kamfani: altaneto babba saboda fitilu da oba-oba, ƙarin na'urar sanyaya baƙin mai, sifirin masu ƙarfi, daɓen roba maimakon kafet don a iya wanke shi da ruwa, ƙofofin baya kuma ba sa buɗuwa ta ciki. Da yawa daga cikin masu saye tsofaffin 'yan sanda ne da suka yi rabin rayuwarsu a cikinta. Wasu 'ya'yansu ne. Wasu kuma haya suke ba masu shirya finafinai. Da yawa daga cikin motocin ma ba hannun masu tarawa suka shiga ba, tasi suka koma.

Abin da mita ba ta faɗa

Ga inda mai sha'awa yake fara yin asara. Mitar mota tana ƙirga tafiya ne, motar sintiri kuwa rabin aikinta a tsaye take yi, inji na kunne, fitilu na ci, na'urar sanyi na aiki. Kamfanin Ford da kansa ya ƙiyasta cewa awa ɗaya da mota ta yi a tsaye inji na kunne daidai yake da tafiyar mil 33, wato kusan kilomita 53. Shi ya sa ya sa wa na baya-bayan nan mita ta biyu mai ƙirga waɗannan awanni. Motar da ta tara awa 5,000 a tsaye ta ƙara kusan kilomita 265,000 a kan abin da mita ta farko take nunawa. Mai sayen da bai san da wannan ba sai ya ga lamba kaɗan ya ɗauka ya yi tsintuwa.

Bayan inji sai jiki. Kafin a yi gwanjo ana cire fitilar sama, da jiniya, da oba-oba, da ragar da ke raba gaba da baya, kuma masu cirewar ba sa yi wa kowa kara. Ka leƙa rufin za ka ga huji huɗu ko shida an toshe da roba, ruwan sama ya bi ta nan shekara da shekaru, tsatsa ta ci ta ciki. Ka ɗaga daɓen ka tarar da wayoyi a yanke, ba wanda ya san inda suka dosa. A jikin ƙofa, ko da an ɓare tambarin, inuwarsa tana nan, domin rana ta koɗar da fentin da ke kewaye ta bar wurin da ya rufe. Mai gyara na gaske da wannan inuwar yake auna girman tambarin da inda zai zauna, ya haɗa da tsofaffin hotuna. Wahalarsa mafi girma ba inji ba ce, nemo fitila da jiniya na daidai shekarar motar ne. Fitilar zamani a kan motar 1978, a wurinsu, ta ɓata aikin gaba ɗaya.

Inda doka ta ja layi

A Amurka kowace jiha da tata dokar, amma abin da ya haɗa su shi ne farar hula ba ya kunna shuɗiyar fitila ko jiniya a kan titin jama'a. Shi ya sa masu irin motocin nan suke rufe fitilar sama da baƙin ƙyalle idan za su fita, su liƙa takardar da ke cewa motar ba ta kan aiki, wasu ma a bayan tirela suke ɗaukar ta zuwa wurin baje koli. A Ingila dokar fitilun mota ta 1989 ta keɓe shuɗiyar fitila ga motocin gaggawa kaɗai. Bidiyon da samarinmu suke gani, mota na ta walƙiya tana kuka, yawanci a cikin fili ne da aka killace aka nemi izini.

Wanda yake ganin an cika tsanantawa ya tuna abin da ya faru a lardin Nova Scotia na Kanada a watan Afrilu na 2020. Wani mutum ya sayi tsohuwar motar 'yan sanda da aka yi gwanjo, ya mayar mata da fenti da tambari da fitila, ya sa kaki, ya shiga gari-gari ya kashe mutum 22. Waɗansu daga cikinsu sun saki jiki ne domin sun ɗauka hukuma ce. A farkon 2021 gwamnatin Kanada ta dakatar da sayar da tsofaffin motocin rundunar tarayya, lardin kuma ya kafa dokar da ta taƙaita mallakar kayan 'yan sanda.

Mu a nan ba sai an ba mu labarin wata ƙasa ba. A Bauchi aka fara rikicin Boko Haram na watan Yuli na 2009, a ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi, kuma a shekarun da suka biyo baya mutanen arewa maso gabas sun sha ganin maharan da suka shigo gari cikin kakin jami'an tsaro da motoci masu fentinsu. Dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa ta ɗauki sojan gona a matsayin laifi, haka sa tufafi ko riƙe alamar ma'aikacin gwamnati da niyyar a ɗauka kai ne shi. Ƙa'idojin zirga-zirgar ababen hawa na 2012 sun lissafa waɗanda aka yarje wa amfani da jiniya, ɗan kasuwa mai sha'awar tsofaffin motoci kuma ba ya ciki. Ko baƙin gilas ma akwai dokar 1991 a kansa. Wanda ya shafa shuɗi da rawaya da kore a jikin motarsa ya rubuta sunan runduna ya doshi hanyar Jos da daddare, kafin a kai ga tambayar niyyarsa ya kwana a bayan kanta, in ya yi sa'a abin ya tsaya nan.

A shigo da ita daga waje fa?

Wannan ƙofa a rufe take. Kwastan suna da iyakar shekarun motar da ake shigowa da ita, da 15 ne aka mayar da shi 12, autar Crown Victoria kuwa ta 2011 ce. A watan Janairu na 2017 kuma aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu. Na Ingila kuma sitiyarinsu a dama yake, Najeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 2 ga Afrilu 1972, ƙa'ida ba ta yarda da irin wannan sitiyari ba.

To namu ina suka shiga?

Wannan, a ganina, ita ce tambayar da ta fi cancanta a yi gardama a kanta, amma ba kowa yake yin ta ba.

An kafa rundunar 'yan sandan Najeriya a 1930 bayan haɗe ta Arewa da ta Kudu, 'yan doka na En'e suka ci gaba da aiki gefe guda har gwamnatin soja ta narkar da su cikin ta tarayya bayan 1966. A tsawon wannan zamani Landiroba ce motar hukuma, ita ke shiga ƙauyen da ba hanya. Daga 1975 kamfanin Fijo na Kaduna ya fara haɗa motoci, gwamnatin soja ta lokacin ta mayar da 504 motar manyan ma'aikata, 'yan sanda ma suka hau ta, da ƙaramar da doguwar da a-kori-kura. Zamani ne da ake haɗa Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu, Fiat a Kano, nan Bauchi kuma Steyr yana fitar da manyan motoci da taraktoci. An ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har cikin shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da dainawa. Dubbai aka yi. Yau ka nemi guda ɗaya da ta yi aikin 'yan sanda tana tsaye da ƙafafunta huɗu ka ga aiki.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A can ana sallamar mota tana da sauran numfashi, domin akwai kasafin sayen sabuwa. A nan ana hawanta sai ta faɗi. In ta faɗi ba a yin gwanjonta nan take, sai a tura ta gindin darbejiya a bayan ofis. Yau a zare baturinta a sa wa wadda ke tafiya, gobe taya, jibi lagireto. Cikin shekara biyu tana zaune a kan duwatsu, gilas ya fashe, ganye ya cika kujeru, awaki suna shan inuwa a ƙarƙashinta. Ranar da takardar gwanjo za ta fito babu abin da ya rage sai ƙarfe, ƙarfe kuwa yana da masu shi. 'Yan gwangwan a kilo suke saye, kuma kuɗinsu a hannu yake. 504 ta haura tan ɗaya, a yanka ta da wuta a loda a tirela zuwa masana'antun narka ƙarfe, ta dawo mana a matsayin rodi.

Ba laifin 'yan gwangwan ba ne, sana'arsu suke yi. Abin da babu shi ne wanda zai taya sama da farashin kilo. Najeriya ta san darajar mota a matsayin shaida: Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana gidan tarihi na ƙasa a Legas da hujin harsasai a jikinta. A hubbaren Tafawa Balewa nan cikin gari an adana kayan da ya yi amfani da su. Amma wannan na manya ne. Motar da kurtu ya tuƙa shekara goma sha biyar ba ta samu mai tuna ta ba.

Hannun gyara kuwa muna da shi. Je ka wurin duk wani dattijon bakanike da ya yi zamanin Fijo ka ce masa, "Baba, in na samo 504 ta 'yan sanda za ka tashe ta?" Amsar ba za ta wuce ya ce, "Ɗana, kafireto ne da filogi, wannan ba aiki ba ne. Takardarta fa?" ba. Injin lita biyu ne ba kwamfuta a ciki, kayansa har yanzu ana samu a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna. Masu buga jiki da masu walda da muke da su, waɗanda suke miƙe motar da ta wuntsila sau uku, ba hujin rufi ne zai gagare su ba. Sai dai dattawan nan suna ƙarewa, yaran da suke koyo yanzu da na'urar gano matsala suka tashi.

Masu cewa a bari da masu cewa a hana

Masu goyon baya suna cewa tarihi ne, kuma sana'a ce: masu shirya finafinan Hausa suna buƙatar motar zamanin da idan labari ya koma baya, makarantu za su kai yara su gani, gareji zai samu aiki. Masu adawa suna da hujja biyu. Ta farko tsaro, an riga an yi bayaninta. Ta biyu ba a cika faɗinta a fili ba, amma tana nan: ga mutane da yawa motar 'yan sanda ba abin marmari ba ce. Wanda aka taɓa jefa ɗan'uwansa a bayan a-kori-kura, ko ya ga baƙar motar ɗaukar fursunoni ta fito daga kotu da mahaifinsa, ba zai biya kuɗi ya je kallonta ba. Baturen da yake shafa motarsa da ƙyalle yana tuna ƙuruciyarsa ne. Ba lallai ne tunanin ya zo ɗaya a unguwannin Bauchi irin su Wunti ko Yalwa ba.

Ni dai ina ganin hujjar ta biyu ba ta hana adanawa, ƙara mata dalili ma take yi, domin abin da aka narkar ba a iya nuna wa jikoki shi, mai daɗi ne ko mai ɗaci. Amma hujjar tsaro ta ci. Mota mai cikakken fenti da tambari wurinta cikin katanga ne, a hannun rundunar kanta ko hukumar gidajen tarihi ko gwamnatin jiha, ko kuma a hannun mai zaman kansa da ya samu izini a rubuce kuma ba ya fita da ita. Mai kuɗin da yake son ya yi abin a yaba masa, ya ɗauki nauyin gyara guda ɗaya ya miƙa ta inda jama'a za su gani. Wanda yake son ya ji daɗin tuƙa tsohuwar Fijo kuma, ya yi mata farin fenti ya hau abinsa.

Wanda ya ji labarin gwanjo

Ga talaka, abin da ya fi shafar aljihunsa shi ne wani ruɗani da dillalai suke cin abinci da shi. Motocin da ake gani jibge a harabar ofisoshin 'yan sanda yawancinsu ba na 'yan sanda ba ne. Wasu hatsari suka yi, wasu shaida ce a shari'ar da ba a gama ba, wasu na sata ne da aka ƙwato mai su bai zo ba. Irin waɗannan ba a sayar da su sai an yi sanarwa an ba masu su wa'adi, kotu kuma ta ba da umarni. Motar da take mallakar runduna hanyarta daban: kayan gwamnatin tarayya ne, dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tsara yadda ake yi musu kima a sayar. Akwai kuma waɗanda gwamnatin jiha ta saya ta ba da gudummawa, su ma sai an tantance sunan wa ke kan takardarsu.

Don haka duk wanda ya zo maka da maganar "akwai wata mota a ciki, oga ya ce a kawo wani abu a fitar da ita," ka riƙe kuɗinka. Gwanjon gaske yana da sanarwa, da mai gwanjo mai lasisi, da rasit na hukuma, da takardar sakin mota mai ɗauke da lambar shasi da ta inji. Ka duba lambobin da idonka a jikin ƙarfen, ka tabbata ba a goge ba a sake bugawa ba. Idan ta runduna ce, kada ka tuƙa ta zuwa gida da lambarta ta hukuma ko da ragowar tambari a ƙofa. A ja ta zuwa gareji, a kankare fentin har ƙasa, domin fenti ɗaya da aka shafa a sama yakan bar rubutun yana leƙowa idan hasken fitila ya doke shi. Sannan a je ofishin lasisi a yi mata sabuwar rajista da sabon launinta a rubuce. Takardun gwanjo na asali a bar su a gida, kwafi ya zauna a cikin mota, domin za a tambaye su a shingen bincike fiye da sau ɗaya, kuma duk wanda za ka sayar wa nan gaba su zai fara nema.